Ƙazantar masai a Duwala: wa zai biya, kuma ina kuɗin zai shiga?

Duk wanda ya yi damina a New Bell ya san yadda lamarin yake. Ruwa ya sauka cikin dare, da asuba mai zuwa masallaci ya naɗe wando yana neman inda zai taka. Haka yake a unguwar Hausawa da Makea da gefen kasuwar Kongo, haka yake idan ka haye gadar Wuri zuwa Grand Hangar a Bonaberi. Muna kiransa ruwan sama, amma kowa ya san ba ruwan sama ne kaɗai ba: a cikinsa akwai abin da masai suka amayar.

Dalili a fili yake. Duwala na samun ruwan sama fiye da milimita 3,500 a shekara, kusan ninki huɗu na abin da ake yi a Kano. Ƙasar unguwanninmu kwari ce, ruwan ƙarƙashinta yana kusa, ramin masai ba ya nisa sai ya tarar da shi. Mafi yawan gidajen birnin ba su haɗe da wani bututun da ke kai ƙazanta wurin tacewa. Rami ne ko sokawe, sau da yawa taku kaɗan daga rijiya. Idan rami ya cika, mai hali ya kira motar zuƙe masai. Marar hali kuwa sai ya jira ruwa mai ƙarfi, ya buɗe wa ramin hanya zuwa kwata. Motocin ma, shekara da shekaru Bois des Singes suke nufa, bakin fadamar da ke malala cikin kogin Wuri.

Sakamakon mun gani. A 2004 kwalara ta kama mutum fiye da 5,000 a Duwala. Ta dawo a 2011. Wadda ta ɓulla a ƙasar a ƙarshen 2021 ta iso birnin, har ta shiga gidan yarin New Bell a 2022 ta yi kisa. Ciwon nan ta baki yake shiga, daga ruwan da bayan gida ya taɓa.

To wa ke da nauyin gyara? Kamaru ta bar tsarin tarayya tun 1972, babban asusu yana Yawunde. Dokar ƙananan hukumomi ta 24 ga Disamba 2019 ta ƙara wa birane iko, kuma a kanta aka zaɓi Roger Mbassa Ndine magajin garin Duwala a Maris 2020, maimakon wakilin da gwamnati ke naɗawa a da. Dokar ta ce kason da ake ware wa yankuna da ƙananan hukumomi kada ya gaza kashi 15 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnati. Magadan gari sun sha kokawa cewa abin da ke isowa hannunsu bai kai haka ba. An ba su aiki, ba a cika musu guzuri ba.

A nan muna tare da su. Harajin rumfunan kasuwa da kuɗin takardu ba za su gina wurin tace ƙazantar birni mai mutum miliyoyi ba. Dubi manyan ayyukan da aka yi: a 2011 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 30 don tsaftar muhalli a Kamaru, Duwala na cikin wuraren da aka nufa, manyan magudanan siminti da aka gina a birnin kuwa hukumar raya ƙasashe ta Faransa, AFD, ce ta sa kuɗi. Irin wannan bashi da tallafi ta hannun gwamnatin tsakiya yake biyowa. Akwai kuma asusun FEICOM, wanda aka kafa a 1974 don tallafa wa ƙananan hukumomi. Saboda haka idan magajin gari ya nemi Yawunde ta saki kuɗi, haƙƙin talakawansa yake nema, ba alfarma ba.

Sai dai goyon bayanmu yana da sharaɗi, domin akwai abu biyu da ake yawan cakuɗawa. Magudana aikinta kwashe ruwan sama, ba ta tace komai. Idan aka zuba mata ƙazanta, sai ta kai ta ga na ƙasa da mu cikin sauri. Wurin tacewa daban ne: mota ta juye, a bar dauɗa ta kwanta, a shanya ta har ta bushe, ruwan ya bi ta tafkuna ya tsarkaka kafin a sake shi. Yawunde ta buɗe irinsa a Etoa a 2021. Magudana tana burge ido ranar yanke kyalle, wurin tacewa kuwa yana bayan gari ba mai ganinsa, shi ya sa ɗan siyasa ya fi son na farkon.

Don haka mu tambayi kansilolinmu na Duwala ta 2 da Duwala ta 4 tambayoyi uku. Cikin kuɗin da ake nema, nawa ne na tace ƙazanta? Bayan an gina, wa zai biya ma'aikata da gyara duk shekara, tunda mai ba da rance gini yake biya ba kulawa ba? Sannan me aka tanada don lungunan da mota ba ta shiga, da gidajen da kuɗin zuƙe masai ya fi ƙarfinsu? Wurin tacewa da ƙazantar New Bell ba ta isa gare shi bai amfane mu da komai ba.

Mu ma da namu. Ɗalibin da ya fara fiƙihu ya san ruwan da najasa ta sauya masa launi ko ɗanɗano ko ƙamshi ba a tsarki da shi, kuma shari'a ta hana cutar da maƙwabci. Wanda ya saki masai cikin kwata da dare ya aika ciwo gidan da bai sani ba. Kwamitin kowane masallaci ya duba: ina ruwan wurin alwala yake tafiya? Yaushe aka zuƙe ramin bayin masallaci, kuma ina motar ta kai? Gidaje biyar ko goma na layi ɗaya su yi adashi don kiran mota kafin damina ta kankama. Ɗalibai su zaga su rubuta rijiyoyin da ke dab da masai da kwatocin da suka toshe, a miƙa wa mai unguwa da ofishin magajin gari a rubuce, da sa hannun limamai. Takarda mai suna da lamba ta fi ƙorafin bakin shago nauyi.

Damina ba ta jiran kasafin kuɗi. Allah Ya kare mu da iyalanmu daga annoba, Ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana.