Akwatin ƙusoshi ƙage ne, igiya ce ta yi ɓarna

A Amsterdam da Prague akwai gidajen da ake biyan kuɗi a shiga kallon "kayan azabar zamanin da". Abin da ya fi jan ido shi ne akwatin nan mai siffar mace, cikinsa cike da ƙusoshi, wanda aka ce ana rufe mai laifi a ciki. Kowa ya yarda shi ne shaidar rashin imanin Turawan tsakanin shekarar 500 da 1500. Ni ban yarda ba, tarihi ma bai yarda ba.

Babu takardar kotu ko ɗaya daga wancan zamanin da ta nuna an yi aiki da shi. Labarin ya samo asali ne daga wani malamin Jamus, Johann Philipp Siebenkees, wanda a 1793 ya rubuta cewa an kashe wani mai buga jabun kuɗi da shi a Nuremberg a 1515, ba tare da wata hujja ba. Daga baya masu neman kuɗin 'yan kallo suka harhaɗa akwatin, har aka kai irinsa baje kolin Chicago a 1893. Haka ma ɗamarar ƙarfen da aka ce maza na kulle matansu da ita: yawancin waɗanda ke gidajen tarihi ƙirar ƙarni na 18 da na 19 ce.

Kada a ji ni a karkace. An azabtar da mutane, kuma da izinin doka. A 1252 Fafaroma Innocent na Huɗu ya halatta wa masu binciken bidi'a yin hakan. Amma babban kayan aikin igiya ce. A ɗaure hannuwan mutum ta baya, a ja shi sama, a sake shi, kafaɗu su goce. Haka aka yi wa marubucin nan Machiavelli a Florence a 1513.

Abin da ke ci mini rai shi ne yadda akwatin ƙarya ya rufe dalilin gaskiya. Dokar lokacin ba ta yanke hukuncin kisa sai da shaidun gani da ido biyu ko ikirarin wanda ake zargi. Idan shaidu suka gagara, sai a nemo ikirari da igiya. Alƙali na zaune, magatakarda na rubutu. Bayan an sauke mutum, a kawo shi kotu ya maimaita maganarsa "don kansa", in kuwa ya janye, ana iya mayar da shi ɗakin azaba.