Ba Ƙarancin Haraji Ba Ne, Malam

Malam, na karanta maƙalarka inda ka ɗora wa ƙarancin haraji alhakin durƙushewar ilimi a Najeriya. Haba! A 2020 an ɗaga harajin VAT daga kashi 5 zuwa 7.5 cikin ɗari. Harajin ilimi da kamfanoni ke zuba wa TETFund shi ma ya tashi daga kashi 2 zuwa 2.5 a farkon 2022, shekarar da ASUU ta shafe wata takwas tana yajin aiki. Ga kuɗin firamare jibge a asusun UBEC, jihohi da dama sun ƙi ajiye nasu kason balle su ɗauka. Wannan ma laifin mai shago ne? Ka fara tuhumar gwamnoni, sannan ka waiwayi aljihun talaka.