A Yi wa Kayan Lantarki Rajista

Jama'a, akwai wata mummunar al'ada da ta kama mu wajen sha'anin wutar lantarki, wadda ya kamata mu taru mu yi mata rubdugu. Al'adar kuwa ita ce, ba a duban na'ura sai ran da ta mutu. Taransifoma ta yi shekaru tana gurnani a bakin hanya ba mai tambayar lafiyarta, ran da ta yi bindiga sai unguwa ta shiga duhu wata da watanni. Mai injin niƙa ya rufe, mai walda ya zauna yana korar ƙuda, maganin da ke cikin firjin asibiti ya lalace. Sa'an nan a bi gida gida ana karo-karo, alhali kuwa hukumar NERC, mai sa ido kan lantarki a Nijeriya, ta bayyana cewa gyaran taransifoma da falwaya nauyin kamfanin rarraba wuta ne.

Ni dai a ganina babban tushen wannan cuta shi ne rashin rajista. A zamanin En'e ba a karɓar haraji ko jangali da ka. Dagaci da lissafinsa, hakimi da nasa, Ma'aji kuma ba ya fid da ko anini daga Baitulmali sai da takarda. To, in saniyar da ke daji ta isa a ƙidaya ta, yaya za a bar na'urar miliyoyin naira ba a san ko shekarunta ba?

Rajistar da na ke nufi a cikin kwamfuta a ke yinta. Kowace na'ura a ba ta lamba, a rubuta inda ta ke, da wanda ya ƙera ta, da shekarar da aka kafa ta, da iyakar nauyin da za ta ɗauka, da ranar da aka duba ta, da abin da aka sake mata. Fifikonta a kan littafi shi ne, kowane abu a ɗaure ya ke da ɗan'uwansa, kamar salsalar dangi. Wutar da ta taso daga Kainji ko Jebba ko Shiroro ta kan hau manyan layuka masu ƙarfin bolt 330,000, a sauke ta zuwa 132,000, sa'an nan 33,000, sa'an nan 11,000, kafin ta iso gidanka da wajen 230. In an zana wannan salsala daidai, da an taɓa makunni guda kwamfuta za ta nuna gidajen da za su rasa wuta, da wayar da har yanzu ke da rai. Ka ga ma'aikaci ba zai hau falwaya bisa zato ya gamu da ajalinsa ba.

Ban da wannan, na'ura ta kan faɗi ciwonta tun kafin ta kwanta, in akwai mai saurara. Wayoyin da ke cikin taransifoma da takarda a ke naɗe su, a tsoma su cikin mai. Masana sun auna sun ga in zafin ciki ya wuce digiri 98, kowane ƙarin digiri 6 ya kan ninka saurin tsufan takardar nan. Haka kuma in an ɗebi man aka gwada, iskar da ta narke a ciki ta kan nuna ko wani wuri yana ƙuna. Amma awon yau kaɗai ba ya faɗin kome sosai, sai an jera shi da na bara da na bara waccan. Wa zai jera su in ba a rubuce su ke ba?

Na san masu gardama ba su rasa ta cewa. Waɗansu su kan ce, ai akwai tsofaffin ma'aikata da suka san kowace waya a ka. Gaskiya ne, Allah ya saka musu. Amma ran da tsoho ya yi ritaya, ko ta Allah ta kasance, da saninsa zai tafi. Ku dubi yawan hannun da wutar ƙasar nan ta sake. Da ECN ce, a 1972 aka kafa NEPA, a 2005 ta koma PHCN, a 2013 kuma aka soma damƙa rarraba wuta ga kamfanoni 11. Duk lokacin da aka sake hannu, abin da ke rubuce shi a ke iya miƙawa.

Waɗansu kuma su ce tsada. To, su lissafa mana kuɗin sabuwar taransifoma, su haɗa da cinikin da unguwa ta yi hasara, da man janareta da aka ƙona, sa'an nan su gwada da albashin akawun da zai riƙe rajista. Kada kuma su ce za a zama bayin ɗan kasuwa guda, gama hukumar IEC, mai tsara ƙa'idodin lantarki na duniya, ta fid da ƙa'idar da a ke kira CIM, domin rajistar wani kamfani ta karantu a na'urar wani.

Na uku su ne masu cewa ita ma kwamfuta tana kuskure. Lalle maganarsu da ƙamshin gaskiya. Ran 14 ga Agusta, 2003, mutum wajen miliyan 50 suka rasa wuta a Amurka da Kanada. Da aka bincika sai aka tarar an bar itatuwa sun kai ga wayoyi, ƙararrawar wani ɗakin tsaro ta ɗauke ba a sani ba, wata kwamfutar kuma tana lissafi da layin da ya riga ya faɗi, don ba a sanar da ita ba. Abin da wannan ya koya mana shi ne, rajistar da ba a gyara ta kullum ta fi rashinta haɗari, gama mutane sun amince da ita. Saboda haka masu sayen kwamfuta don a ɗauki hoto ran buɗewa, a rufe ta da ƙyalle, su ma suna cikin waɗanda na ke zargi.

Kai mai karatu, da ka sha wahala ka koyi riƙe alƙalami, ga inda zai yi maka rana. Ka nemi lambar taransifomar unguwarku. Ku sami littafi ku riƙa rubuta ranar da wuta ta ɗauke da ranar da ta komo. In za ku kai kuka, ku kai a rubuce, ku ajiye kwafi. Ku tambayi kamfani yaushe aka gwada man na'urarku. Tun da dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara sha'anin wuta a cikin iyakarsu, ku matsa wa wakilanku su sa rajista ta zama tilas. Ba a fafe gora ranar tafiya. Allah ya ba mu ikon gyarawa, amin.