GARANTIN MOTA: KA YI JUYE DA HANNUNKA, AMMA KA AJIYE RASIT

Yau mu ɗan jingine labarin soyayya a gefe, mu taɓo wata magana da take haddasa rigima tsakanin masu motoci da kamfanonin da suka sayar musu, wato maganar garanti.

Shi dai garanti alkawari ne. Kamfani ne yake cewa idan motar nan ta samu matsala daga ƙira cikin wa'adi kaza, gyara a wuyanmu. A Amurka, alal misali, Toyota kan ba sabuwar mota shekara 3 ko tafiyar mil 36,000, inji da giya kuma shekara 5 ko mil 60,000, duk wanda ya riga cika. To amma ranar da inji ya buga, ka je da ƙorafi, tambayar farko ita ce: a ina kake juyen baƙin mai? Da ka ce da hannunka kake yi, ko wajen bakaniken unguwa, sai a nemi a ce kai ka karya alkawari.

Ni a ganina wannan zalunci ne, domin kuwa wanda ya sayi mota da guminsa ba haya ya karɓa ba. Amurkawa sun gane haka tun 1975, lokacin da Shugaba Gerald Ford ya sa hannu a dokar Magnuson-Moss. Dokar ta hana kamfani ya ɗaure garanti da sharaɗin sai a garejinsa za a yi gyara, ko sai kayansa za a sa, sai fa idan kyauta zai bayar. Hukumar FTC mai kula da ciniki ta kuma bayyana cewa kafin kamfani ya ƙi gyara, sai ya nuna cewa kayan da ka sa ko aikin da ka yi shi ne ya jawo ɓarnar. Wato idan ka canja fulogi da kanka, daga baya injin gilashin ƙofa ya mutu, ba ruwan wannan da wancan. A 2022 hukumar ta tilasta wa kamfanin babura na Harley-Davidson ya cire irin wannan sharaɗi daga takardun garantinsa.

To amma jama'a, kada murna ta kwashe mu, domin doka ba ta zama shaida. Ku dubi abin da ya faru da wasu injinan Toyota na ƙirar 1997 zuwa 2002, cikinsu har da Camry ɗin nan da daga baya ta cika titunanmu a matsayin 'yar Kwatano. Masu motocin da dama sun koka cewa baƙin mai yana daskarewa a cikin inji kamar kwalta, ya toshe hanyoyin mai, inji ya ƙone. Kamfanin ya ce rashin juye a kan kari ne, su kuma suka ce laifin ƙira ne. Da surutu ya yi yawa, a 2002 Toyota ta amince za ta gyara irin wannan matsala har tsawon shekara 8, amma ta nemi mai mota ya nuna alamar yana kula da juye. A nan ne mai takarda ya huta, wanda kuwa yake juye a ƙofar gida yana jefar da rasit ya shiga uku, ko da ya fi kowa kula da motarsa.

Saboda haka shawarata ga mai son taɓa motarsa da hannunsa ita ce ya sayi ɗan littafi ya ajiye a cikin motar. Duk ranar da ya yi juye ya rubuta kwanan wata, da lambar tafiyar da mita ta nuna, da irin man da ya zuba. Rasit na mai da na filta ya maƙala a ciki, ya kuma ɗauki hotonsa da waya, don tawadar rasit ba ta daɗewa take gogewa. Sannan ya bi littafin da ya zo da motar: idan an ce 5W-30, kada ya zuba 20W-50 don wai mai kauri ya fi ƙarfi. Wanda ya zuba man da ba shi ba, ya ba kamfani wuƙa da nama. Abin da kuma ya fi ƙarfinsa, kamar cikin giya ko kwamfutar mota, ya kai wa masu shi, don kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Wani zai ce, Malam, mu da muke hawa tokunbo ina ruwanmu da garanti? Gaskiya ne, yawancin motocinmu sun cinye wa'adinsu tun kafin su hau jirgin ruwa. Sai dai wannan ya ƙara wa magana nauyi ne, don wanda ba shi da kamfanin da zai kai wa kuka, kularsa ce garantinsa. Ranar sayarwa kuma littafin nan zai yi maka rantsuwar da dillali ba zai yi maka ba. Mai sabuwar mota kuwa a Nijeriya, akwai hukumar FCCPC da dokar kare masu saye ta 2018 ta kafa, amma ita ma idan ka je da ƙara takarda za ta nema.

Allah Ya kiyaye mu da asara, Ya sa mu gane, amin. Sai mun haɗu a ci gaban labarinmu.