Ilmin Gane Mamaci ta Ƙasusuwansa: Fagen da Ke Jiran Ɗalibai

Sanin kowa ne cewa ɗalibin da ya gama digirin farko a ilmin ƙirar jikin ɗan Adam yakan tsaya yana tunanin inda zai dosa. Galibi hanya biyu ake nuna masa, watau koyarwa ko ɗakin gwaje-gwaje. Alhali kuwa akwai ta uku wadda ba a cika ambatonta ba, ita ce zurfafa karatu a ilmin gane mamaci ta ƙasusuwansa, don taimakon shari'a da iyalan waɗanda suka ɓata.

Baligi yana da ƙasusuwa 206, kuma kowanne yana da labarin da zai bayar ga wanda ya iya karanta shi. Ƙashin ƙugu shi ya fi nuna namiji ne ko mace, domin na mace ya fi faɗi saboda haihuwa. Haƙora da yadda bakunan ƙasusuwa suka haɗe suna nuna shekaru. Da tsawon ƙashin cinya ake ƙiyasta tsayin mutum. Tsohuwar karaya da ta warke takan zama shaidar da dangi za su gane, raunin harsashi kuwa ya bambanta da na sara.

Abin da ya faru a Ajantina ya isa misali. Mulkin soja na 1976 zuwa 1983 ya ɓatar da dubban mutane, aka binne da yawa ba suna. A 1984 wani masani Ba'amurke, Clyde Snow, ya horar da waɗansu 'yan ɗalibai ƙalilan aikin tono da nazarin ƙashi. A 1985 ya ba da shaida a shari'ar shugabannin sojan. Ƙungiyar da ɗaliban nan suka kafa ta yi aiki daga baya a ƙasashe da dama. Haka kuma a Bosniya, bayan kisan kimanin mutum 8,000 a Srebrenica a 1995, nazarin ƙashi tare da gwajin ƙwayoyin halitta ya sa aka gane mafi yawansu.

Bukatar ba ta tsaya a ƙetare ba. A 2019 Kwamitin Red Cross na Duniya ya ce yana da sunayen mutum kusan 22,000 da suka ɓata a Nijeriya, yawanci saboda rikicin arewa maso gabas. A 2013 an tsinci gawarwaki 92 a hamadar arewacin Nijar, mafi yawansu mata da yara. Bayan kowane ɓatacce akwai gida da ke cikin zullumi. A mazhabar Malikiyya, matar wanda ya ɓata takan jira shekara 4 bayan ta kai ƙara ga alƙali, sa'an nan ta yi takaba, gado kuwa ba a raba shi sai an yanke hukuncin mutuwa. Ashe tabbatar da mamaci ba ƙaramin jinƙai ba ne ga masu rai.

Wani zai ce tone kabari cin mutuncin gawa ne. Lalle wannan magana tana da nauyi, bai kamata a raina ta ba. Amma wanda aka jefa rami ɗaya da jama'a, ba wanka ba salla, an riga an tauye masa haƙƙi. Mayar da shi ga danginsa su yi masa sutura, karramawa ce. Abin da ya wajaba shi ne a yi aikin da izinin alƙali, da sanin iyali, da shawarar malamai.

Akwai kuma dalili na ilmi. Ma'aunan tsayi da Trotter da Gleser suka fitar a 1952 da 1958 a kan gawarwakin Amurkawa aka gina su, ba dole ne su dace da Bahaushe ko Babarbare ko Bafillace ba. Samar da ma'aunai na gida aiki ne na masu digiri na biyu da na uku.

Saboda haka ya kamata sassan ilmin ƙirar jiki na jami'o'in Zariya da Kano da Maiduguri su ba wannan fanni muhimmanci, su haɗa kai da sassan shari'a da na binciken kayan tarihi. Gwamnati kuma ta tanadi gurabun aiki, don kada a horar da mutum ya rasa inda zai yi amfani da saninsa. Ɗaliban harshe su ma suna da rabonsu, domin su ne za su tsara kalmomin da za a yi wa uwa bayani da su a kan ƙasusuwan ɗanta.