Malamin kwantaragi da zaman ƙauye

A cikin shekara ta 1998 ne gwamnatin Nijar ta fara ɗaukar malaman sa-kai domin yawaita makarantun boko a karkara. Daga baya aka kira su malaman kwantaragi, har suka zamo su ne mafi yawa a azuzuwan firamare. A Gidan Sori, cikin gundumar Gidan Rumji, kamar sauran ƙauyukan jahar Maraɗi, irinsu ne ke riƙe da alli.

Ana yawan zarginsu da barin aji. Amma mutumin da kuɗin watansa ke makara, yana cin bashin gero, bai kuma san ranar da za a ba shi lambar ma'aikacin gwamnati ba, da wuya hankalinsa ya kwanta. Jikinsa na lakwal, zuciyarsa na kasuwar Maraɗi.

A 2017 an yi musu jarrabawa, aka sallami masu mafi ƙarancin maki. Tantancewa ba laifi ba ce. To, wanda ya ci fa, me aka tanadar masa? Ya kamata magabata su biya shi kan kari, mai duba makarantu ya riƙa ziyartarsa komai rairayin hanya, a kuma bayyana masa shekara nawa zai yi kafin a ɗauke shi aikin dindindin.