Haƙar Ƙumba A Bakin Teku: Wasan Da Ke Da Doka

A wannan wata filin namu zai kai mu bakin teku, don mu duba wata halitta da mutanen wasu ƙasashe suka mayar da haƙarta abin shaƙatawa, alhali kuwa a nan Gana ita ce abincin gidaje masu yawa. Wannan halitta ita ce ƙumba, wato wadda ke zaune cikin ɓawo biyu masu buɗewa da rufewa, wadda kakanninmu mata ke kankare tukunya da ɓawonta. A kasuwannin Ankara da tashar Sogakope ana kiran namanta adode, kuma da wuya a sami matafiyin da ya bi hanyar Aflao bai ga ana tallarsa a tsinke ba.

Bari mu fara da yadda ake wannan wasa. Ruwan teku yakan cika ya janye sau biyu a yini, kuma kullum lokacin yakan ƙara jinkiri da kamar minti 50. Wata ne ke jan ruwan, shi ya sa janyewar ta fi yawa a lokacin tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu. Mu da muka saba lissafin kwanan wata ba mu da wahalar gane wannan. To, idan ruwa ya janye ya bar rairayi a fili, sai jama'a su fito da shebur da bokiti. Ita ƙumba tana binne cikin yashi, abin da ke tona asirinta shi ne ɗan rami ko ɗan loɓawa da take bari a sama inda take shaƙar ruwa. Mai haƙa ya ga alamar, sai ya yi maza ya tona, domin wata irin tana iya nutsewa ƙasa da sauri ta tsere masa.

A jihar Washinton ta ƙasar Amurka, a gaɓar tekun Fasifik, dubban mutane ke fita wannan haƙa, maza da mata da yara, har da tsofaffi masu dogara sanda. Da kaka da hunturu da dare ruwan ya fi janyewa, saboda haka da fitilu ake fita. Amma ga inda maganar take. Hukuma ce ke sanar da ranakun da aka yarda a yi haƙa. Babba sai ya yanki lasin. A ƙa'ida kowane mutum guda 15 aka yarda ya ɗiba a rana, kuma dole ne ya riƙe 15 ɗin farko da ya tono, manya ne ko ƙanana, lafiyayyu ne ko fasassu. Dalili kuwa shi ne ɓawon irin tasu ba shi da ƙwari, wadda aka fasa aka mayar cikin yashi mutuwa za ta yi. Da an bar kowa ya zaɓi manya ya yar da ƙanana, da ɓarnar ta fi abin da aka kai gida.

Bugu da ƙari, kafin a buɗe bakin teku sai an gwada naman a ɗakin bincike. Ƙumba tace ruwa take yi ta sami abincinta, saboda haka duk dafin da ke cikin ruwa yakan taru a jikinta. A shekarar 1991 aka fara gano wani dafi da wasu ƙananan tsirran ruwa ke fitarwa a cikin ƙumbar Washinton, dafin da dafuwa ba ta kashe shi, aka kuwa rufe haƙa. Haka aka sake yi a 2015.

A ƙasar Japan ma wannan tsohuwar al'ada ce ta lokacin bazara. Iyali kan tashi da ɗan manjagara da raga su nufi gaɓar Tokyo, su biya kuɗin shiga, su wuni yara na tona yashi. Amma ƙumbar da suke kira asari ta yi ƙaranci ƙwarai. A 1983 abin da aka kama a ƙasar ya kai kusan tan 160,000, amma a 2020 bai kai tan 10,000 ba. Cike gaɓar teku don gine-gine, da lalacewar ruwa, da yawan ɗiba suna cikin abin da ya jawo haka. Yanzu a wurare da dama sai an sayo ƙumba an watsa a yashi kafin masu wasa su zo. Ka ji inda rashin tattali ke kai mutane, ko da masu arziki ne.

Haka kuma teku ba abokin wasa ba ne. A watan Fabrairu na 2004, a gaɓar Morecambe ta Ingila, ruwa ya dawo da dare ya rutsa da wasu 'yan ƙasar Sin da aka kai su aikin tsintar ƙumba, mutum sama da 20 suka halaka. Baƙi ne, ba su san lokacin ruwa ba, waɗanda suka tura su kuwa riba kawai suka sa a gaba.

To, mu dawo gida. Adoden da muke ci daga kogin Volta yake fitowa, kuma haƙarsa a nan sana'a ce ta gado. Kafin a gama madatsar ruwa ta Akosombo a 1965, mata ne ke nutso suna tsinto shi tun daga wajen Akuse har zuwa Sogakope, kuma masu bincike sun ƙiyasta abin da ake samu a lokacin da kamar tan 8,000 a shekara. Da aka tare kogin, aka kuma ƙara da madatsar Kpong a 1982, sai ambaliyar shekara-shekara da ke wanke ƙasan kogi ta daina zuwa, ciyawar ruwa ta rufe yashin da ƙumba ke zama. Zuwa shekarun 1990 abin da ake samu ya koma kamar tan 1,700, kuma sana'ar ta takura a ɗan yankin da ke kusa da Ada. Daga baya maza suka shigo da injin hura iska, wanda ke ba mai nutso damar daɗewa a ƙarƙashin ruwa ya kwashe manya da ƙanana.

Duk da haka, kada mu ɗauka Bature ne kaɗai ya san doka. Mutanen Ada suna da ranar Talata da ba a shiga ruwa, suna kuma rufe kamu daga watan Disamba zuwa Maris. Matansu kan ɗebi ƙananan ƙumba su zuba a wani kebaɓɓen wuri cikin kogi, su bar su su yi girma kafin su sayar, kamar dai yadda muke turke rago. A bakin kogin Densu kuma, nan kusa da Ankara, matan Tsokomey da Bortianor da Tetegu masu tsintar kawa sun haɗa kai tun 2017 suna rufe kamu na wata biyar, daga Nuwamba zuwa Afrilu. Ɓawon ma ba a zubar da shi: ana ƙona shi a yi farar ƙasa, ana niƙa shi a sa a abincin kaji.

Wani zai ce, mu mutanen zango ina ruwanmu, tun da ba masunta ba ne mu? Da ruwanmu ta hanya biyu. Ta farko, mu masu saye ne. Muddin muna karɓar tsinken da aka jera wa 'yan mitsi-mitsin da ba su isa haihuwa ba, to mai nutso zai ci gaba da kwaso su, domin abin da kasuwa ke so shi ake kawo mata. Idan muka riƙa neman manya, muka kuma haƙura a watannin da aka rufe kamu, mun taimaki matan da ke ciyar da 'ya'yansu da wannan sana'a.

Ta biyu, 'ya'yanmu ne. Duk ranar hutu, balle kashegarin Salla, samarin Nima da Mamobi da Sabon Zango sukan yi ayari zuwa bakin teku, yawancinsu ba su iya iyo ba, ba su kuma san komi game da halin ruwa ba. Hani kaɗai bai hana su zuwa ba, kowa ya sani. Abin da ya fi shi ne iyaye da mu malamai mu riƙa kai su da kanmu, mu ba tafiyar manufa. A zaɓi lokacin da ruwa ya janye, a tambayi masuntan wurin lokacin dawowarsa. A tsaya a jiƙaƙƙen yashi, kada kowa ya juya wa teku baya. A nan yaro zai ga 'yan ƙananan ƙumba da igiyar ruwa ke tonowa suna maza suna binne kansu, ya ƙirga, ya auna, ya zana a littafinsa, sa'an nan ya mayar da su. Kada a ci abin da aka tono kusa da inda ƙazantar gari ke kwarara, irin bakin tafkin Korle. Yaron da ya yi wannan sau ɗaya ya koyi lissafin wata da ilmin halittu da tsoron ruwa a wuni guda, icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Muna roƙon shugabannin makarantunmu da ƙungiyoyin matasa su sa wannan cikin shirinsu na hutu mai zuwa, kuma duk makarantar da ta gwada ta rubuto mana yadda ta kaya. Sai mun sadu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.